Gari Ɗaya a Rana Ɗaya: Yadda Na Tsara Yawon Jirgin Ƙasa a Jamus Cikin Sanyin Disamba

Garuruwa tara na rubuta a takardar farko. Ina zaune a falo a Kano, cikin Satumbar 2024, taswirar Jamus a buɗe a waya, ina ta jera sunaye kamar mai rubuta cefanen biki: Heidelberg, Rothenburg, Bamberg, Regensburg, Würzburg, Füssen, Trier, har da Lübeck da Bremen can arewa. Kwana biyar kacal zan yi a ƙasar, kuma asalin tafiyar ma ba ta yawon buɗe ido ba ce. Autanmu ne ke karatun digiri na uku a Erlangen, shekara biyu bai leƙo gida ba, Hajiya ta ce tunda Allah Ya hore in je in gano mata shi da idona, don ita ba ta yarda da "lafiya lau" ɗin waya ba. Ni kuma na ce tunda za a kashe kuɗin jirgi, ai sai a ga gari.

Na ɗauki hoton takardar na tura masa. Bai rubuto amsa ba, kira ya yi, yana dariya tun kafin ya yi sallama.

"Yaya, ƙarfe nawa kake zaton rana take faɗuwa a nan cikin Disamba?"

Na ce shida, ko shida da ɗan wani abu.

"Huɗu da kwata. Kuma ba ta fitowa sai wajen takwas na safe. In ta ga dama ke nan."

Maganar nan ita ta kashe takardar. Mu da muka tashi inda dare da rana kusan kunnen doki suke yi duk shekara, ba ma sa hasken rana a lissafin tafiya. Kuɗi muke lissafawa da nisa. A jihar Bavariya kuwa, a farkon Disamba, hasken awa takwas ne da 'yan mintoci. In ka cire lokacin zuwa, da na cin abinci, da na faɗawa wani shago don jini ya dawo yatsu, abin da ya rage maka na ganin gari bai fi awa huɗu zuwa biyar ba. Ga kuma sallah: Azahar tana shiga sha biyu da 'yan mintoci, La'asar wajen biyu, Magariba huɗu da kwata. Salloli uku cikin awa huɗu, duk a daidai lokacin da kake kan titi. Sai da na je wajen malaminmu ya warware min hukuncin matafiyi da sharuɗɗan haɗa sallah, ya kuma ba ni shawarar in nemi huffi. Huffin nan, da na saya don alwala, shi ya fi komai riƙe min ɗumin ƙafa.

Auta ya gindaya min sharuɗɗa: gari ɗaya a rana ɗaya, masauki ɗaya tun daga sauka har tashi, kuma duk garin da ya wuce awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa daga Nuremberg, babban birnin da ke kusa da Erlangen, a soke shi. Nan take biyar suka faɗi. Na Füssen ne ya yi min ciwo, don a kusa da shi fadar Neuschwanstein take, wadda hotonta ke kan kalandu, amma zuwa kaɗai ya haura awa uku. Na yi ta gardama a kan a haɗa Bamberg da Würzburg rana ɗaya. Ya ce, "Yaya, taura biyu ba ta taunuwa." Würzburg ta koma ajiya, ko da wani abu zai taso. Aka bar Nuremberg, Bamberg, Regensburg da Rothenburg.

Biza ba ta da wani labari sai jira. Yuro 90 kuɗinta, da inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar har Yuro 30,000, da bayanan asusun banki, takardar wurin aiki, wasiƙar gayyata daga Auta, da shaidar masauki. Abin da kawai zan ce shi ne a fara neman ranar ganawa da wuri, kuma a kama ɗakin otal irin wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba, har sai fasfo ya dawo hannu.

Masaukin ya ɗan ba mu aiki. Ɗakin Auta na ɗalibai ne, in ya shimfiɗa darduma ƙofa ba ta buɗuwa. Nuremberg kuma tana cikin kakarta, domin babbar kasuwar Kirsimetinta, wadda suke kira Christkindlesmarkt, ta buɗe ranar 29 ga Nuwamba har zuwa 24 ga Disamba, otal-otal ɗin cikin ganuwa kuwa sun ɗaga farashi yadda suka ga dama. Sai muka koma Fürth, garin da ke manne da ita, 'yan mintoci a jirgi. Daga baya na ji cewa tsakanin garuruwan nan biyu jirgin ƙasa na farko a Jamus ya fara tafiya, ranar 7 ga Disambar 1835, tazarar kilomita shida, da injin da suka sa wa suna Adler, wato gaggafa. Ashe kullum da safe tsakanin waɗannan garuruwa na tarihi nake kai da komo, ina hamma.

Inda na fi daɗewa shi ne tikiti, don a nan kuɗi ke zurarewa ko ya tsira. Jiragen ƙasan Jamus kashi biyu ne ga mai lissafi. Akwai na dogon zango masu gudu, ICE da IC, akwai kuma na yanki masu alamar RE, RB da S, waɗanda ke tsayawa a ƙananan garuruwa. Duk garuruwan da suka rage a takardata na yanki suna zuwa. Zaɓi biyu ne a gabana. Na farko Bayern-Ticket, tikitin yini guda a faɗin Bavariya, wanda har mutum biyar za su iya haɗuwa a kansa, sai dai a ranakun aiki ba ya fara aiki sai tara na safe, kuma wanda haskensa awa takwas ne bai kamata ya yi wasa da awar farko ba. Na biyu Deutschlandticket, wanda aka fara a Mayun 2023: Yuro 49 a wata a lokacin, ka hau duk jirgin yanki, bas, tarago na kan titi da jirgin ƙarƙashin ƙasa a ko'ina cikin ƙasar. Tikitin yini guda sau uku ya kusa ninka wannan kuɗin, ban da zirga-zirgar Fürth zuwa Nuremberg da Erlangen. Lissafin a fili yake.

Amma yana da ƙugiya. Ba tikiti ba ne da za ka saya ka manta, rajista ce mai sabunta kanta duk wata, kuma in ba ka soke ta ba zuwa ranar 10 ga wata, za a cire maka kuɗin wata mai zuwa. Ga shi a Janairun 2025 farashin ya koma Yuro 58. Watan kuma na kalanda ne, daga ɗaya ga wata zuwa ƙarshensa, ba kwana talatin daga ranar saye ba, don haka wanda tafiyarsa ta ratsa ƙarshen wata sau biyu zai biya. Masu sayarwa da yawa asusun bankin Turai suke nema, sai Auta ya yi min da sunana, kuɗin ya fita daga nasa, muka soke a daren da na sauka, ina tsaye a kansa har saƙon tabbaci ya shigo. A waya tikitin yake zama, kuma da fasfo ake nuna shi, shi ya sa na riƙa yawo da ƙaramin batirin caji a aljihun ciki, don sanyi yana shanye cajin waya kamar me.

Daga filin jirgin Frankfurt zuwa Nuremberg kuwa ICE na zaɓa, tafiyar awa biyu da ɗoriya. Tikitinsa mai rahusa a ɗaure yake da jirgi ɗaya tak, in jirgin samanka ya makara ka rasa shi, ka rasa kuɗinka. Na bar tazarar awa uku tsakanin sauka da tashi. Na gwammace in zauna ina kallon mutane.

Wani abu da ya kusa kai ni ƙasa tun ina gida: sunaye. A manhajar DB Navigator, wadda kowa ke duba lokutan jirage da ita, sunan Jamusanci ake amfani da shi, Nürnberg, kuma Hbf na nufin babbar tasha. Wata rana ina gwada hanya na rubuta Rotenburg, babu harafin h, sai ta nuna min tafiyar awa biyar zuwa wani gari kusa da Bremen. Na kira Auta a fusace na ce ai ƙarya ya yi min. Ashe garuruwa masu kusan wannan sunan suna da yawa, nawa cikakken sunansa Rothenburg ob der Tauber, wato wanda ke saman kogin Tauber. Tun daga ranar na koma rubuta kowane suna a cike cikin ɗan littafi, da tashar da zan sauya jirgi, da lokacin jirgin dawowa guda biyu, na fari da na bayansa. Auta ya ce kada in yarda da sauyin da bai kai minti goma ba in akwai wani, domin jiragen can suna makara fiye da yadda muke ji a gida.

Kaya kuwa Kofar Wambai ta raba gardama. Jibgegiyar rigar sanyi ta gwanjo, hula mai rufe kunne, safar hannu, da takalmi mai kaurin ƙasa. Na yi zaton wanda ya sha hunturun Kano a kan babur ya san sanyi. Namu busasshe ne, yana fasa leɓe ya bar ka, rana na ɗagawa ya tafi. Nasu jiƙaƙƙe ne, ta ƙasan takalmi yake shigowa, kuma ba ya tashi da hantsi. Dabarar ita ce riguna marasa nauyi a jere, uku ko huɗu, domin cikin jirgi da shaguna zafi ne sosai, kana shiga za ka fara cirewa. Hajiya ta haɗa wa ɗanta tsaraba har da kilishi, da ƙyar na shawo kanta cewa dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara. Dabino dai an yarda da shi. Kilishin yara suka cinye a gabanta, tana harararsu.

Na sauka da asubar Alhamis, 5 ga Disamba. Ko agogo ban taɓa ba, don a lokacin sanyi lokacinmu ɗaya da Jamus. Juma'a muka ba Nuremberg: muka hau tudun fadar sarakunan da, muka yi sallah a wani masallacin Turkawa, da duhu ya shiga muka gangara kasuwa. Sai a nan na gane cewa dogon daren ma yana da amfaninsa, domin kasuwar Kirsimeti da rana rumfunan katako ce kawai, sai fitilu sun kama take zama abin kallo. Musulmi dai sai ya yi taka-tsantsan da bakinsa. 'Yan tsiran da garin ya yi suna a kansu naman alade ne. Abin da kowa ke riƙe da shi a kofi yana tururi, Glühwein, giya ce da aka dafa da kayan ƙamshi. Wanda babu barasa sunansa Kinderpunsch, na yara ke nan, ni da furfurata na yi layi na karɓa. An caje ni fiye da abin da ke rubuce, har na buɗe baki zan yi magana Auta ya taɓa ni: jinginar kofi ce, in ka mayar a ba ka kuɗinka. Tsabar kuɗi kuma dole, rumfuna da yawa ba sa karɓar kati, ban-ɗakin tasha ma Yuro ɗaya ne, a lokacin da Yuro ya haura naira 1,600. Na daina juya farashi zuwa naira a rana ta biyu, don zuciya ta huta.

Bamberg, ranar Asabar, ita ce ta fi kwanta min. Minti arba'in da wani abu daga Nuremberg, sai tafiyar ƙafa ta kamar kwata daga tasha, ta unguwar da ba ta da wani abin kallo har ka fara tunanin an yaudare ka. Sai ga kogin Regnitz, ga tsohon ginin majalisar gari a tsaye a tsakiyar ruwa, gada ta ratsa ta cikinsa. Labarin da suke bayarwa shi ne babban limamin cocin garin ya hana mutane filin gini, su kuma suka kafa turaku a cikin kogi suka yi wa kansu tsibiri. Bangon duk zane ne, kuma a wani wuri mai zanen ya yi shaƙiyanci: ƙafar wani jariri da ya zana ta fito daga bango a sassaƙe, tana reto a iska. Da Auta bai nuna min ba, da na wuce. Daga kan gadar ana hango jerin tsofaffin gidajen masunta a bakin ruwa. A kan tudu kuma babban cocinsu ne mai hasumiya huɗu, inda kabarin Fafaroma Clement na Biyu yake, wanda ya rasu a 1047, shi kaɗai ne Fafaroman da aka binne a arewacin tsaunukan Alps. Tun 1993 garin ke cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO. Ƙarfe uku da rabi haske ya fara dusashewa, ban ko ƙosa ba. Na tuna da ni ne mai cewa a haɗa shi da Würzburg.

Lahadi a Regensburg yayyafi muka sha. Mun taka gadar dutse da aka gina a kan kogin Danube tsakanin 1135 da 1146, mun ga ragowar ƙofar sansanin Rumawa ta shekarar 179 a maƙale jikin wani gini kamar ba komai ba, muka fake a shagon wani Baturke muka ci döner, irin shawarmar Turkawa. Shaguna a rufe suke ranar Lahadi in ban da na cikin tasha, gara mutum ya sayi ruwa da burodinsa tun Asabar. Ruwan ma a duba, in ba a rubuta still a jikin gorar ba, mai gas ne.

Litinin Auta ya koma ɗakin bincike, na kama hanyar Rothenburg ni kaɗai. Mun zaɓi Litinin ne don gudun cunkoson ƙarshen mako. Sauyi biyu ne a hanyar, Ansbach sannan Steinach, wata 'yar tasha a tsakiyar gonaki inda ƙaramin jirgi ke ɗaukar mutane zuwa Rothenburg cikin kwata ɗaya. Na Ansbach ya tafi daidai. Da muka doshi Steinach na miƙe tun da wuri, jaka a kafaɗa, na tsaya a bakin ƙofa ni kaɗai. Jirgi ya tsaya. Ina kallon allon tashar ta gilashi, ina jiran ƙofa ta buɗe. Wani ɗan maɓalli a jikinta ya kawo koren haske, ni kuwa ina ta kallonsa kamar baƙauye. Kwana huɗu ina hawa jirgi, kullum akwai wanda ya riga ni dannawa, ban taɓa lura ba. Wata tsohuwa daga kujerarta ta ɗaga murya, "Drücken! Drücken!" tana nuna min da yatsa. Kafin in fahimta in kai hannu hasken ya ɗauke, allon Steinach ya fara ja da baya.

A Uffenheim na sauka, wannan karon na danna maɓallin tun jirgi bai gama tsayawa ba. Babu kowa a dandamalin sai ni da iska. Na ci dabino bakwai, na buɗe ɗan littafina, na hau mai komawa. Ko sisi ban ƙara ba, tikitin wata ya ɗauke wannan, amma awa ɗaya cur ta tafi daga cikin 'yan awannin hasken da nake ta tattali tun Satumba.

Na shiga Rothenburg wajen sha biyu. Sai na yanke shawarar barin gidajen tarihi gaba ɗaya, in ba ganuwa lokacina. Mutumin Kano ba ya ganin ganuwa ya wuce. Tasu ta dutse ce, da matakala, da siririyar hanya mai rufin katako a samanta wadda mutum zai bi yana leƙen jajayen rufin gidaje ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen kuma 'yan tagogin maharba. A jikin bangon akwai duwatsu a jere ɗauke da sunaye, wasu daga Amurka, wasu daga Japan. Ranar 31 ga Maris 1945 jiragen yaƙi suka yi wa garin ruwan bama-bamai, fiye da sulusinsa ya ƙone, bayan yaƙi aka nemi gudummawa daga ko'ina, duk wanda ya biya kuɗin gyaran wani yanki aka sa sunansa. Na daɗe a wurin ina karantawa, ina tuna badalar da muke wucewa kullum a gida, wadda ake ɗiba ana yin bulo da ita.

Na sauko na nemi Plönlein, ɗan gidan nan mai ruwan ƙwai da ke tsakanin tituna biyu da hasumiya biyu, wanda hotonsa ya sa na rubuta sunan garin tun farko. Ƙarami ne fiye da yadda na zata, kuma sai ka yi layi kafin ka ɗauki hoto. Akwai wani abin maƙulashe da suke ji da shi, Schneeball, kamar cincin da aka dunƙule ya kai girman lemo aka barbaɗa masa sukari. Na tambayi mai shagon ko akwai barasa a ƙullin, ta ce akwai ɗan kaɗan, na yi godiya na sayi gasasshen almon mai sukari a gaba. A lambun da ke ƙarshen gari, inda ake hango kwarin Tauber, na sami lungu bayan wata bishiya na shimfiɗa rigar ruwa na yi sallah, ba wanda ya ko waiwayo. Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci fitilun gari suka kama. Na ɗauki jirgin farko cikin biyun da na rubuta, a Steinach kuma har wani ɗan yawon buɗe ido na danna wa ƙofa.

Da na dawo Kano, Hajiya ta fara da abin da ta aike ni: bai rame ba, yana cin abinci, ɗakin ne dai ƙarami. Sannan ta ce in nuna mata ƙanƙarar da ake faɗa. Na duba hotuna sama da ɗari uku, duk yayyafi ne da hazo da jiƙaƙƙen dutse. Sai cikin Janairu Auta ya turo hoton kekensa a ƙofar gida, dusar ƙanƙara ta rufe sirdin, ya rubuta a ƙasa: "Yaya, a nuna wa Hajiya. Würzburg kuma tana nan tana jira."